Farin Garin da 'Yan Ƙwallon Kwando Ke Damawa

Na gaji da jin surutun da ake yi kan kiriyatin, farin garin nan da samari masu buga ƙwallon kwando ke damawa a gorar ruwa. Iyaye na ganinsa sai su yi salati, wai yaro ya fara shan ƙwaya. Wasu kuma sun rantse cewa yana kashe ƙoda.

Mu fara da zancen ƙwaya, don shi ya fi yaɗuwa. Tun 1832 wani masanin sinadarai Bafaranshe, Michel Chevreul, ya gano kiriyatin a cikin nama. Hantarka da ƙodarka suna haɗa kusan giram 1 kullum, sauran kana samu daga nama da kifi. Wanda ya ci tsire jiya ya ci kiriyatin. Ba ya sa maye, ba ya taɓa hankali kamar tiramol, ba shi da dangantaka da sitiroyid, wanda ke kwaikwayon sinadarin mazakuta. Hukumar WADA, mai yaƙi da shan abubuwan ƙara kuzari a wasanni, ba ta haramta shi ba. Haba jama'a, a riƙa tambaya kafin a ɓata sunan ɗan mutane!

Aikin kiriyatin ɗan taƙaitacce ne. Kusan kashi 95 cikin 100 na kiriyatin yana cikin tsoka, inda yake ba da ƙarfi na daƙiƙa goma ko ƙasa da haka. Ƙwallon kwando kuwa haka take: tsalle a ƙwato ƙwallon da ta dawo daga allo, gudu zuwa ɗaya gefen, tsayawa cak, sake tsalle. Abin da ɗan wasa zai iya samu shi ne tsallensa na zango na huɗu ya ɗan kusanci na zangon farko. Ba ya ƙara tsawo, ba ya koya wa hannu saiti.

Inda nake da faɗa shi ne da ku samari. Giram 3 zuwa 5 a rana ya wadatar, wato kusan ƙaramin cokalin shayi. Tsoka tana cika cikin kamar wata guda, rarar kuma fitsari take bi. Mai ɗibar cokali uku na cin tuwo kuɗinsa yake zubarwa, ga murɗar ciki da gudawa. Nauyi zai iya ƙaruwa da kilo 1 zuwa 2 saboda ruwan da tsoka ke riƙewa, don haka a sha ruwa sosai, musamman a zafin bazara.

Kada ka sayi wanda aka ƙulla a leda ba suna. A nan ne haɗarin yake, domin an sha samun kayan gina jiki da aka gauraya da sitiroyid. Nemi gwangwani a rufe, mai lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, wanda aka rubuta creatine monohydrate a jikinsa. Mai ciwon ƙoda, ko ciwon suga, ko hawan jini, ya fara ganin likita. Yaron da bai kai shekara 18 ba ya haƙura, abinci da barci sun ishe shi. Bincike bai nuna kiriyatin yana cutar da lafiyayyar ƙoda ba, amma yana iya ɗaga sakamakon gwajin kiriyatinin a jini, wanda ake auna aikin ƙoda da shi, saboda haka idan za a yi maka gwajin ƙoda ka gaya wa likita kana sha.