Abincin Gidan Makoki

Yau za mu yi magana a kan abin da ba gidan da zai tsallake, watau rashi. Yadda a ke gaisuwar mutuwa kun riga kun sani, ba sai mun koya muku ba. Abin da ya kawo mu shi ne cikin waɗanda aka bari. Gama in an yi rasuwa hankalin kowa yana kan likkafani, da baƙi, da tabarmin zama, har a wuni a kwana ba wanda ya tambayi matar mamacin ko ta sa wani abu a bakinta.

Ma'aikatan ɗakin shan magani sun saba ganin ƙarshen wannan. Ran uku ko ran huɗu da rasuwa sai ga tsohuwa an ɗauko ta, ana cewa ta yanke jiki ta faɗi a bakin randa, wai ko iska ce. In an duba, sau da yawa ba abin da ya kayar da ita sai yunwa, da ƙishirwa, da rashin barci.

Abin da baƙin ciki ke yi wa jiki

In mummunan labari ya sami mutum, jikinsa ya kan ɗauka wani haɗari ne ya taso. Akwai waɗansu 'yan ƙullutai biyu a saman ƙoda, su ne ke zuba wani ruwa cikin jini a irin wannan lokaci. Nan da nan zuciya ta ƙara sauri, baki ya bushe, jini ya rage zuwa wajen tumbi da hanji ya koma wajen gaɓoɓi. Shi ya sa mai baƙin ciki ba ya jin yunwa, in ya sa loma ta tsaya masa a maƙogwaro. Kada ku ce taurin kai ne ko rashin tawakkali. Aikin jiki ne.

Abin kuwa ba na wasa ba ne. A shekarar 1969 likitoci a Ingila suka ba da labarin binciken da suka yi a kan maza 4,486 masu shekara 55 zuwa sama waɗanda matansu suka rasu. Cikin wata shida na farko 213 suka mutu, watau sun ɗara abin da aka saba gani ga tsararrakinsu masu mata da kashi 40 cikin ɗari, yawancin ƙarin kuwa daga ciwon zuciya da na hanyoyin jini ne. A shekarar 2012 kuma wani bincike a Amurka ya nuna haɗarin bugun zuciya ya kan ninka kamar sau 21 a kwanan farko bayan rasuwar makusanci, sa'an nan ya riƙa raguwa a hankali. Abinci ba zai kawar da wannan haɗari duka ba, amma jikin da ya sami ci da sha da barci ya fi jure masa. Da ruwan ciki a kan ja na rijiya.

Al'adarmu ta kai abinci gidan makoki tana da tushe. Lokacin da Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada a yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan hijira, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umurni a dafa wa iyalinsa abinci domin abin da ya same su ya shagaltar da su. Saboda haka maƙwabta ne ke hura wuta. Ba daidai ba ne a bar waɗanda aka yi wa rashi su ci bashi don su ciyar da masu gaisuwa.

Abin da za a fara ba shi

Kwanan farko da na biyu kada ku ɗora wa mai makoki malmalar tuwo ku ce sai ya cinye. Ku fara da ruwa, kurɓi kurɓi, a kai a kai. Daga nan kunu ko koko mai ɗumi, ko kunun gyaɗa, ko fura da nono mai tsabta, ko romon nama. Kaɗan kaɗan sau biyar ko shida a yini ya fi akushi ɗaya da za a ture.

Ku lura ƙwarai da mutum huɗu: tsoho, da mai ciki, da mai goyo, da yaro. Mai goyo tana ciyar da rai biyu. Yara kuwa su a ke fi mantawa da su cikin taro, ga shi su ma sun yi rashi. Mai takaba kuma za ta zauna wata huɗu da kwana goma, alhali masu kawo abinci su kan ɗauke ƙafa bayan sadakar bakwai. To, lokacin nan da gida ya yi tsit shi ne lokacin da kwanonku ya fi amfani.

Nama cikin ɓawon fulawa

In ciki ya fara karɓar abinci, daga kwana na uku zuwa gaba, akwai wani abu da za ku iya yi. Mutanen Ingila sun daɗe suna gasa nama cikin ɓawon fulawa, daga wurinsu ya shigo garuruwanmu, shi ne abin da a ke sayarwa a kanti ana ce da shi mit-fai. Ya dace da gidan makoki don ƙarami ne, ba ya tsorata wanda ba ya jin yunwa. A hannu a ke ci, ba a neman kwano ko miya. Ga nama mai gina jiki da ƙara jini, ga fulawa da mai masu ba da ƙarfi. Ba kuwa sai da tanderun zamani ba, tukunya da yashi sun isa.

To, uwargida, ki saurara. Ga abin da za ki tanada don guda 10 zuwa 12.

Na ciki: naman shanu marar kitse rabin kilo, dankalin Turawa 2, karas 2, albasa babba 1, 'yar citta, da tafarnuwa, da attarugu kaɗan, man gyaɗa babban cokali 2, gishiri rabin ƙaramin cokali, fulawa babban cokali 1.

Na ɓawo: fulawa rabin kilo, watau kamar gwangwanin madara 5, bota ko daskararren man shanu kwatan kilo, bakin hoda ƙaramin cokali 1, gishiri ɗan kaɗan, ruwan sanyi na randa, da ƙwai 1.

Da fari ki wanke hannuwanki da sabulu. Ki yanka naman ƙanana ƙanana, ko ki daka a turmi mai tsabta, ko ki kai a niƙa. Ki soya albasa cikin man gyaɗa har ta yi laushi, ki zuba naman kina juyawa har jansa ya ɓace duka. Ki yanka dankali da karas kamar ƙwayar masara ki zuba, da kayan yaji, da ruwa gwangwani ɗaya. Ki rufe ya dahu kamar minti 20. Sa'an nan ki dama cokalin fulawar nan da ruwa kaɗan ki zuba, ki juya har ya yi kauri. Ki sauke, ki rufe da faifai ya huce. In kin sa shi da zafi zai narkar da man ɓawon, ya yage.

Kafin ya huce ki tankaɗe fulawa da bakin hoda da gishiri. Ki sa botar ki riƙa murzawa da yatsu har ya koma kamar tsaki. Ki yayyafa ruwan sanyi cokali cokali har ya haɗe ya bar kama hannu. Kada ki kirɓa shi kamar na burodi, zai yi tauri. Ki rufe shi a inuwa minti 20.

Ki barbaɗa fulawa a faranti, ki murza ƙullin da wankakkiyar kwalba har kaurinsa ya zama kamar rabin ƙaramin yatsa. Ki yanka da murfin ƙaramin kwano. Ki sa nama cokali ɗaya ko biyu a tsakiya, ki shafa ruwa a gefe, ki ninka, ki danne bakin da cokali mai yatsu, ki huda bayansa sau biyu don tururi ya sami hanya. Ki kaɗa ƙwai ki shafa a sama.

Ga yadda a ke gashin. Ki zuba busasshen yashi mai tsabta cikin babbar tukunyar ƙarfe, zurfin yatsa uku, ki rufe ki ɗora a wuta minti 15 ya yi zafi. Ki jera duwatsu uku ko gwangwanaye marasa fenti a kan yashin, ki ɗora farantin ƙarfe da kika shafa wa mai. Ki jera su kada su taɓa juna, ki rufe, ki rage wutar ƙasa, ki zuba garwashi a kan murfi. Bayan minti 30 ki duba. In sun yi ja kamar gasasshiyar gurasa sun yi, in da saura ki ƙara minti 10. A tsakar gida za ki yi gashin nan, kada ki shiga ɗaki da garwashi ki rufe ƙofa, gama iskar gawayi tana kisa ba tare da an ji warinta ba.

Tsabta

Kada garin neman lada ku kai wa mutane zawo. Ku sayi naman da aka yanka ran nan, na dabba mai lafiya. In kun ga waɗansu fararen ƙwayoyi kamar shinkafa cikin tsoka, 'ya'yan tsila ne, ku bar shi. Dahuwa sosai tana kashe su, tana kuma kashe ƙwayoyin cuta masu kawo amai da zawo. Wuƙa da farantin da suka taɓa ɗanyen nama kada su taɓa dafaffe sai an wanke su da sabulu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta gargaɗi mutane kada a bar dafaffen abinci a ajiye fiye da awa 2 in ba wurin sanyaya shi. Ƙasarmu kuwa da zafi. Saboda haka ki gasa, ki rufe saboda ƙuda, ki kai da ɗuminsa a ci nan take. In babu firji, kada a bar mit-fai ya kwana. Gara ki yi kaɗan yau, ki sāke yin kaɗan jibi.

Ki tambaya ko akwai mai hawan jini a gidan. Gishirin da ya kamata babba ya ci a yini bai kai cikin ƙaramin cokali ɗaya ba, watau ƙasa da giram 5, dunƙulen kanti kuwa yawancinsa gishiri ne. Mai ciwon suga guda ɗaya ya ishe shi, a haɗa masa da ganye.

Yadda a ke miƙawa

Kada ki ba yaro ya kai ya ajiye a zaure. Zumunta a ƙafa ta ke. Ki je da kanki, ki gaishe ta: "Yaya, ya ƙarin haƙuri?" Ki zauna kusa da ita, ki gutsura ki fara ci, ki miƙa mata rabi. Mutane da yawa da ba sa iya ci su kaɗai su kan ci in da abokin ci. In ta ci loma biyu ta ce ya isa, kada ki matsa mata. In kuka ya zo, ki bar ta ta yi. In ta ɗauko labarin mamacin, ki saurara, ba sai kin sami amsa ba.

In kuwa ba halin sayen fulawa da bota, kada ki ji kunya. Fate, ko dambu da zogale, ko wake da 'yar manja, duk suna yin aikin nan.

Lokacin zuwa asibiti

Ku kawo mai makoki ɗakin shan magani ba tare da jinkiri ba in kun ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Ciwon ƙirji, ko numfashi sama sama, ko zufa mai sanyi, ko mutuwar ɓarin jiki, ko karkacewar baki. Wannan ba a jira gari ya waye.
2. Ya wuni ya kwana bai sha kome ba, ko fitsarinsa ya ragu ya yi ja, ko jiri na ɗibarsa in ya miƙe.
3. Amai da zawo. Kafin ku iso ku dama sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali, cikin lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, ya riƙa kurɓa.
4. Mai ciwon suga da ya sha magani ko ya yi allura bai ci abinci ba, ya kama rawar jiki da zufa. In yana cikin hayyacinsa ku ba shi ruwan sukari, sa'an nan ku kawo shi.
5. Yana cewa gara shi ma ya mutu, ko yana maganar halaka kansa. Kada ku bar shi shi kaɗai, ku kawar da maganin ƙwari da na ɓera daga gidan.

Mai shan maganin hawan jini, ko na tarin fuka, ko na farfaɗiya, kada ya bari saboda makoki. A sa mutum ɗaya a gidan ya riƙa tuna masa. Kada kuma ku sayo ƙwayar barci a kasuwa ku ba shi.

Yawancin mutane baƙin cikinsu ya kan yi sauƙi a hankali, ko da ya ke ya kan dawo lokaci lokaci, kamar ran salla. Amma in an wuce wata 6 mutum bai iya komawa gona ko sana'arsa ba, kullum tunanin mamacin ya hana shi kome, to, wannan likitoci sun san shi, akwai kuwa taimakon da a ke yi. Ku rako shi, ba abin kunya ba ne.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba waɗanda aka bari haƙuri da lafiya. Sai mun sāke saduwa. Ku huta lafiya.