Kwalba Iri Ɗaya Ce Ko'ina, Girki Ne Ke Raba Mashayun Abuja

Da zarar an tashi daga aiki a Sakatariyar Tarayya, hanyoyin Nyanya da Kubwa kan cika maƙil. Ma'aikata da dama ba sa gaggawar faɗawa cikin cunkoson; sukan ratse lambunan shaƙatawa da mashayun unguwa na Wuse, Garki, Utako da Gwarinpa har hanya ta lafa. A irin waɗannan wurare ake sallamar wanda ya yi ritaya, a taya wanda aka ƙara wa girma murna, kuma galibi hadimin shugaba ko ƙaramin jami'i ake ɗora wa zaɓen wuri. Idan zama ya yi daɗi babu mai tuna shi, idan ya lalace sunansa ne a baki har ƙarshen wata. Abin da yake aunawa shi ne: wurin da ya fi tara nau'o'in giya, ko wanda ya fi iya girki?

Masu fifita giya suna da hujjarsu. Mashayi yakan riƙe nau'i ɗaya shekara da shekaru, kuma idan aka ce masa babu, ransa ya ɓaci ke nan komai daɗin abin da ke kan faranti. Sai dai jerin kwalaben da ke burge ido ba gwanintar mai mashaya ba ce. Kamfanoni ƙalilan ne ke riƙe da kasuwar: Nigerian Breweries, wanda ya fitar da Star a Legas a 1949 kuma yake yin Gulder da Heineken, Guinness Nigeria, mai masana'anta a Ikeja tun farkon shekarun 1960, sai International Breweries mai Trophy da Hero. Kwalbar da ke Maitama ita ce ke Mararaba, dillalai ne ke sauke ta ga duk mai kuɗin saye. Abin da mai wuri ke ƙarawa biyu ne kawai, farashi da sanyi. Sanyin ma ya zama abin lissafi tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma ɗaga kuɗin lantarkin masu rukunin A zuwa Naira 225 kowane ma'auni a Afrilun 2024.

Girki kuwa ba a sauke shi daga mota. Farfesun tarwada, wadda mai saye ke nunawa da yatsa tana iyo kafin a yanka, ya dogara ga hannun mai haɗa kayan ƙamshi. Gasasshiyar karfasa tana buƙatar garwashin da ya daina hayaƙi da mai haƙurin juyawa. Tsire da balangu sai da nama na ranar da yajin ƙuli-ƙuli wanda bai kwana a buɗe ba. Haɗarin ma a nan yake. Kwalba tana iya yin makonni a ajiye ba ta canza ba, amma kifin teku da ya narke lokacin ɗaukewar wuta aka sake daskarar da shi yana iya kwantar da teburi guda washegari. Saboda haka mai mashayar da ya zuba jari a ɗakin girki ya ɗauki asarar da mai cika firji da kwalabe bai ɗauka ba, kuma wannan kaɗai shaida ce ta yadda yake riƙe da sana'arsa. Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai.

Akwai dalilin da ya fi wannan nauyi a birnin tarayya. Ofishin gwamnati taron ƙasa ne: Musulmi da Kirista, ɗan Sakkwato da ɗan Kalaba, duk a sashe guda. Musulmi bai shan giya, Kiristoci da yawa ma ba sa sha, wasu kuma likita ne ya hana su. Ga waɗannan, tsawon jerin giya ba ya ƙara komai. Abin da za su tambaya shi ne waye ya yanka naman, ko ana gasa naman alade a kan ragar da ake gasa kaza, ko akwai Maltina, zoɓo ko ruwa mai sanyi, ko kuma da wurin da mutum zai yi sallar magariba. Akwai kuma wanda ba zai zauna inda ake sayar da barasa ba sam, kuma hadimi mai hankali yakan san da shi tun kafin ya kama teburi, ya nemi gidan abinci zalla.

Kasuwar Mami ta Barikin Mogadishu da ke Asokoro misali ce a fili. Giya tana nan birjik, amma abin da ke kai mutane can daga kowane gefen birni shi ne kifin da mata ke gasawa a jere. Sunan kasuwar ma ana danganta shi ga Mammy Ochefu, matar wani soja, wadda ta fara sayar da abin sha irin kunu a barikin Inugu a 1959. Tushen al'adar ke nan: abin sawa a ciki, ba abin sa maye ba.

Ga wanda aka ba zaɓi, dubawa kaɗan ta isa. Ya je wurin tun da rana ya ga inda ake wanke kifi da faranti. Ya lura ko gashin na tafiya a kai a kai, domin inda ciniki ke gudu ba a ajiye kwantai. A lambuna da yawa mai gashi ɗan haya ne, lissafinsa dabam da na mai abin sha, don haka a yanke farashin kifi kafin ya hau wuta. A lokacin da mafi ƙarancin albashi yake Naira 70,000, karo-karon ma'aikata ba kuɗin wasa ba ne.

Nau'in giyar da ya ƙare ana iya aika yaro ya samo a shagon maƙwabta cikin mintoci. Farfesun da ya lalace babu inda za a aika a gyaro shi.