3.2 Zaɓen Itatuwa Masu Fure Don Jerawa A Hanyar Shiga Gida A Karkara

A wannan sashe za a yi bayani ne a kan abubuwan da ya kamata manomi ya yi la'akari da su kafin ya jera itatuwa masu fure a gefen hanyar da ta taso daga titi zuwa gidansa ko gonarsa. Muhimmancin wannan zaɓe shi ne, itace ba gero ba ne da za a gyara kuskurensa baɗi. Wanda ya dasa abin da bai dace da ƙasarsa ba, sai bayan shekaru zai gane ya yi asara.

Abu na farko shi ne juriyar rani. A mafi yawan ƙasar Hausa akan shafe wata shida zuwa bakwai babu ruwan sama, ga shi kuma ba kowa ke iya ban ruwa a doguwar hanya ba. Saboda haka itatuwan da suka saba da dajinmu sun fi dacewa. Abin lura kuma shi ne, da yawansu da rani suke yin fure, lokacin da ko'ina ya bushe. Misali, gurjiya takan kaɗe ganyenta a lokacin hunturu, sannan ta fitar da jan fure. Sansami kan yi fure mai ruwan hoda kafin sabon ganye ya fito. Ita kuwa marga, da bazara take zubo da furenta ruwan ɗorawa. Idan aka cuɗanya waɗannan uku, hanya za ta daɗe tana da fure.

Sai dai dukkansu suna kaɗe ganye, wato ba su ba da inuwa a lokacin da aka fi bukatarta. Don haka yana da kyau a riƙa tsarma darbejiya a tsakaninsu. Asalinta daga ƙasar Indiya ne, furenta ƙanana ne farare masu ƙamshi, kuma takan riƙe ganyenta da rani.

Abu na biyu shi ne girman itace. Rimi da maɗaci suna buɗa rassa da saiwa sosai, don haka ba su dace da ƙaramar hanya ko kusa da katanga ba. Inda wuri ya yi ƙunci, minjirya ta fi, domin ba ta girma sosai, tana da jan fure, kuma reshenta kawai ake kafawa ya tsiro. Aduruku ma haka ake dasa shi, amma ya fi son inda ruwa ya wadata, kamar kudancin Zazzau.

Abu na uku shi ne dabbobi. Da zarar an kawar da amfanin gona akan saki awaki da tumaki, kuma ɗanyen dashe suke fara ci. Saboda haka ya kamata a yi dashe a watan Yuli, bayan damina ta kankama, sannan a kewaye kowane tushe da ƙaya har sai ya fi ƙarfin akuya.

Sashe na gaba zai dubi yadda ake renon waɗannan itatuwa.