Aikin jinya bisa hujjar bincike

Aikin jinya bisa hujjar bincike hanya ce ta kula da marar lafiya inda ma'aikacin jinya ke duba abubuwa uku kafin ya yanke shawara: sakamakon ingantaccen bincike, ƙwarewar da ya samu a bakin aiki, da kuma abin da shi marar lafiyar yake so. Manufarta ita ce a daina yin abu don kawai haka aka tarar ana yi.

Tarihi

Wannan tunani ya fara ƙarfi ne a fannin likitanci, a Jami'ar McMaster ta ƙasar Kanada, a farkon shekarun 1990. A shekarar 1994 Marita Titler da abokan aikinta suka wallafa Tsarin Iowa a Amurka, wanda ke nuna wa ma'aikatan jinya matakan kai sakamakon bincike zuwa gadon marar lafiya. An kafa Cibiyar Joanna Briggs a birnin Adelaide na Ostireliya a 1996.

Koyarwa a asibiti

Ana fara koya wa ma'aikaci yadda zai mayar da matsalar da yake gani a ɗakin jinya ta zama tambaya. Daga nan sai ya nemo binciken da aka yi a kanta, ya auna ingancinsa, a gwada sauyin a ɗaki guda kafin a faɗaɗa shi.

Misali shi ne kanula, wato siririn bututun da ake bari a jijiya domin ƙarin ruwa. Asibitoci da yawa sun saba sauya ta duk bayan kwana uku ko huɗu. Wani bincike da aka yi a Ostireliya kan majinyata 3,283, wanda mujallar Lancet ta buga a 2012, ya gano cewa kumburin jijiya bai ƙaru ba idan aka bar kanular har sai an ga dalilin cire ta. Sakamakon ya ba da damar rage wa majinyata yawan sukar allura.

Cikas

Lacca kaɗai ba ta cika sauya abin da aka saba ba. Ma'aikatan jinya kan koka da ƙarancin lokaci, da wahalar fahimtar lissafin bincike, da rashin ikon sauya dokar aiki ba da yardar shugabanni ba. Shi ya sa wasu asibitoci ke naɗa ƙwararren mai ja-gora, su kuma ware lokacin da ma'aikata za su zauna su tattauna maƙala guda. Mujallun kansu ma suna da tsada. A 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe shirin Hinari domin cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi su riƙa karanta su ta intanet kyauta ko a farashi mai rahusa.