Wai Gajeren Labari Ɓata Lokaci Ne a Ajin Turanci?

Tun da Ministan Ilimi, Tunji Alausa, ya sanar a Nuwamban 2025 cewa an soke tsarin koyarwa da harshen uwa da aka amince da shi a 2022, musu bai lafa ba. Amma masu murna da masu ƙorafi duk sun tsallake wata tambaya: me ake yi da minti 40 ɗin da malamin Turanci ke da shi a ajin sakandare?

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda iyaye da dama, har da wasu malamai, ke ɗaukar karanta gajeren labari a aji tamkar zaman tatsuniya. A wurinsu Turanci na gaske shi ne nahawu da haddar tsofaffin tambayoyin jarrabawa. To, nahawu kayan miya ne a kan faranti: ga tattasai, ga daddawa, ga gishiri. Yarinya za ta iya lissafo sunayensu kaf, amma ba ta iya miya ba sai ta ga yadda suke haɗuwa a tukunya. Labari shi ne tukunyar. A cikinsa yaro ke ganin kalma tana aiki, ya ji yadda mai fushi ke magana da yadda mai roƙo ke yi.

Gajartar kuwa ita ce amfaninsa. Tela ba ya miƙa wa sabon yaron shago babbar riga, ƙyalle yake ba shi ya koyi miƙe layi. Mai koyon iyo ma a ƙaramin kududdufi yake farawa. Mu kuwa sai mu bar ɗalibi ya gama aji shida bai taɓa kai ƙarshen labari mai shafi uku ba, sannan JAMB ta ɗora masa littafi sukutum, kamar The Life Changer na Khadija Abubakar Jalli ko The Lekki Headmaster na Kabir Alabi Garba. Dole ya gudu neman taƙaitawa a WhatsApp.

Ɗauki "Dead Men's Path" na Chinua Achebe, wanda bai wuce 'yan shafuka ba. Wani matashin shugaban makaranta, Michael Obi, ya toshe wata tsohuwar hanya da mutanen ƙauye ke bi ta harabar makarantar tun kaka da kakanni, abin ya ƙare da ɓarna. Malami zai karanta shi da ƙarfi, lokaci ya rage, ya tambayi ajin: wa ke da laifi? Yaron da ya san takun-saƙar ɗan boko da dattawan unguwa yana da abin cewa, kuma son ya ci gardama ne zai sa ya lalubo kalmar Turancin da yake buƙata.

Ai mu ba baƙin wannan hanya ba ne. Da labaran akun nan na Magana Jari Ce, na Abubakar Imam, da yawanmu muka saba da karatun Hausa. Marubutan gida ma akwai: Abubakar Adam Ibrahim ya fitar da The Whispering Trees a 2012, Zaynab Alkali na da Cobwebs and Other Stories.

Jami'an da ke sauya harshen koyarwa daga ofis, da sun leƙa ajin da yara uku ke cunkushe a benci ɗaya, babu littafi ko guda a gabansu, da sun fara da sayen takardun da za a raba wa yaran nan su karanta.