Mu Ƙirga Kwanaki Kafin Mu Tsinka

'Yan'uwa manoma, da yawa cikinmu mukan fesa wa mangwaro da tumatir maganin mankozeb domin ciwon baƙin tabo. Amma bushewar ruwan feshi ba ita ce tafiyar magani ba. Saura yana maƙale a ɓawo, ido ba ya ganinsa.

A ɗakin gwaji masu bincike sukan yayyanka 'ya'yan, su zuba musu ruwan asid, su auna iskar da ta tashi. Da haka suke sanin miligiram nawa ya rage cikin kilo guda. Sukan auna ranar feshi, su sake bayan kwanaki, suna ganin yadda rana da ruwan sama suke rage shi kaɗan kaɗan. Daga wannan awo ne aka samo kwanakin jira da ke rubuce a jikin leda.

Kada mu dogara ga tukunya. Dafa tumatir yakan juya ragowar maganin ya zama wani abu, ETU, mai taɓa wurin da maƙoƙo yake fitowa a wuya. A 2020 Tarayyar Turai ta ƙi sabunta izinin mankozeb.

Saboda haka sakataren kowace ƙungiya ya rubuta ranar feshi a littafi. Ko farashi ya hau, mu jira kwanakin su cika. Mai saye maƙwabcinmu ne, 'ya'yansa za su ci.