Ba Allurar Ba Ce Ta Makantar da Shi

Wata magana na yawo a majalisu tun daga Samaru har Sabon Gari, kuma ta ishe ni. Wai mai ciwon suga kada ya kuskura ya bari a yi masa allura a ido ko a haska masa leza, don "wane da ƙafarsa ya je asibiti, yau ga shi sai da ɗan jagora." Ba wanda ke tambayar shekara nawa wanen ya kwashe da suga kafin ya je. Sai ka ga dattijo ya ninke takardar da likita ya ba shi ya cusa aljihu, ya nufi kasuwar Sabon Gari yana gwada tabarau ɗaya bayan ɗaya a kan tire, yana nisanta jarida yana matso da ita.

Tabarau ba ya kaiwa inda ɓarnar take. Can bayan ido akwai siririyar shimfiɗa mai karɓar haske, ratina, wadda ƙananan jijiyoyin jini ke shayar da ita. Jiki na da sinadarin da ke ba da umarnin tsiro da sababbin jijiyoyi, VEGF, wanda Napoleone Ferrara ya ware a Amurka a 1989, da kuma wasu masu taka masa birki irin su PEDF. Idan suga ya daɗe yana hawa, jijiyoyin nan sukan toshe, ratina ta rasa iskar oksijin, sai ta yi ta zubo VEGF har ya rinjayi birkin. Jijiyoyin da ke tsirowa a gaggauce ba su da ƙwari, kamar kunyar da aka ja da ruɓaɓɓiyar ƙasa: suna yoyo, suna fashewa, jini ya cika cikin ido, daga baya tabo ya fizge ratinar daga mazauninta. Duk wannan ba zafi ba raɗaɗi, shi ya sa mutum ke rantsuwa idonsa lafiya lau.

To me allurar ke yi? Kama VEGF take yi ta ɗaure. Avastin, da aka amince da shi a 2004 don dajin hanji, likitocin ido suka gano yana wannan aikin a ido ma. Irinsa Lucentis ya zo a 2006, Eylea a 2011. Ana kashe zafin idon da ɗigon magani kafin a yi allurar. Sai dai ƙarfinta makonni yake yi, don haka da farko akan maimaita kusan duk wata. Wanda ya karɓi guda ɗaya ya ɓace, ciwon ya ci gaba, sai a ɗora wa allura laifi. Ita kuwa leza gefen ratinar da yunwa ta riga ta cinye take ƙonawa, don ya daina kiran jijiyoyi. Gaskiya ne tana iya rage ganin gefe da na dare, kuma allura kan jawo ƙwayar cuta jefi-jefi. Amma wannan ina ya kai jinin da zai rufe idon gaba ɗaya? Abin da ya riga ya mutu a ratina ba ya dawowa, kuma wanda ya zo a makare yakan zo da shi a mace. Mai hana ɗan'uwansa zuwa asibiti da labarin ƙanzon kurege ya ji tsoron Allah.

Masu sikila, jarirai bakwaini da tsofaffi ma kan gamu da irin wannan tsiron jijiyoyi.

Ranar da aka ce kana da suga, ka nemi a duba bayan idonka, sannan duk shekara, ko da kana zura zare a allura. Za a ɗiga maka maganin buɗe ƙwayar ido, ganinka zai yi hazo na wasu sa'o'i, don haka kada ka tuƙa mashin, ka je da rakiya. Mai suga da ta samu juna biyu ta je tun farkon ciki. Ka riƙe maganin suga da na hawan jini. Kada ka sayi ɗigon ido a kemis ba takardar likita. Kwalli, nonon mace da ruwan ganye ba sa isa ratina. Ka ga baƙaƙen ɗigo na yawo a gabanka, ko duhu ya sauko ta gefe ɗaya, kada ka kwana. Akwai sashen ido a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ga kuma Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Idan akwai mai suga a gidanku, ku kai shi tun yana gani.